Saƙon da ke Yawo Cikin Jini: Sabon Binciken Gano Ciwon Daji da Wuri

Ga mai jagorantar zama: a karanta wannan darasi a hankali bayan an gama zubi da ƙirga kuɗi. Ana iya raba shi zama biyu. In akwai unguwarzoma ko ma'aikaciyar lafiya a kusa, a gayyato ta.

Me ya kawo wannan magana?

'Yan uwa mata, da wuya a samu ƙungiyar da ba ta taɓa jin labarin ciwon daji ba. Wasu na ce masa sankara, wasu kansa. Labarin kuma yakan zo iri ɗaya. Mace ta ji ƙullutu a nono, ba ya zafi, sai ta yi shiru. Wata shida ya wuce, shekara ta wuce. An sha jiƙe-jiƙe, an kai wa wanzami ya tsaga. Ranar da aka isa babban asibiti, likita ya ce an makara. Kuɗin da aka yi shekara uku ana tarawa ya tafi cikin wata biyu, an sayar da akuya, an jinginar da gona.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata wajen miliyan 2.3, wajen 670,000 kuma suka rasu. A wannan shekarar sankarar bakin mahaifa ta kama mata wajen 660,000, ta kashe wajen 350,000. A Najeriya waɗannan biyun su ne kan gaba a cikin mata, ta mama ta farko, ta bakin mahaifa ta biyu. Dukansu ana warkewa in an kama su da wuri. Babbar matsalar ita ce makara.

Shi ya sa masana suke neman hanyar da za a gano ciwon tun kafin hannu ya ji shi. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce karanta wasu ƙananan saƙonni da ke yawo cikin jini. Za ku fara jin labarinsu a rediyo da waya, za kuma a samu masu neman cin kuɗinku da sunansu. Gara ku san gaskiyar abin tun yanzu.

Kundi, ɗan aike da mai taka birki

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Masana na kiransu sel. Babban mutum yana da wajen tiriliyan 30 a jikinsa.

A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wani kundi da ake kira DNA. A cikinsa aka rubuta yadda jiki zai kasance da yadda zai yi aiki. Ku ɗauke shi kamar kundin ƙungiya da ke cikin akwatinmu mai kwaɗo uku. Ba a yawo da shi. In ana bukatar wani abu a ciki, sai a kwafo shi a 'yar takarda a aika. To, ita ma ƙwaya haka take yi. Takardar da take kwafowa sunanta RNA, aikinsa aike. Shi ke kai umarni inda ake haɗa furotin, su kuma furotin su ne ma'aikatan jiki. Su ke narka abinci, su ke gina tsoka, su ke ce wa ƙwaya ta rabu biyu ko ta tsaya haka nan.

Akwai kuma wani irin RNA ɗan guntu ƙwarai. Ɗan aike yakan ɗauki ɗaruruwa ko dubban haruffa, shi kuwa wannan haruffa wajen 22 kacal gare shi. Ana ce masa maikro-RNA, wato ƙaramin RNA. Aikinsa taka birki. Yakan manne wa ɗan aike, ya hana a karanta saƙon, ko ya sa a yaga takardar. Kun san a kowace ƙungiya akwai wadda in an fara yawan ba da rance takan ce, "A'a, a dakata, kuɗin akwati ya yi ƙasa." To, irin aikinsa ke nan. Jikin ɗan Adam yana da irinsa fiye da 1,000, kowane da saƙonnin da yake lura da su.

Ciwon daji yana farawa ne in wata ƙwaya ta daina jin magana. Ta yi ta rabuwa ba tsayawa, ta ƙi mutuwa lokacin da ya kamata, 'ya'yanta su taru su zama ƙari, daga baya wasu su bi jini ko wasu hanyoyin jiki su sauka a hanta, huhu ko ƙashi. A cikin irin wannan ƙwaya lissafin ƙananan RNA yakan rikice. Waɗanda ke hana ta yawan rabuwa su ragu ko su ɓace. Waɗanda ke toshe bakin masu tsawata mata su yi yawa.

Yadda aka gano su

Abin mamaki, daga tsutsa aka fara. A 1993 wasu masana biyu a Amurka, Victor Ambros da Gary Ruvkun, suna binciken wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. A jikinta suka gano ƙaramin RNA na farko da yadda yake aiki. Da farko mutane sun ɗauka abin tsutsa ne kawai. Sai a shekarar 2000 Ruvkun da abokan aikinsa suka gano na biyu, suka kuma nuna cewa akwai irinsa a jikin dabbobi da mutane. A 2024 aka ba su biyun lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci.

A 2002, a birnin Filadelfiya, Carlo Croce da George Calin suka duba masu wata irin sankarar jini. Suka tarar a yawancinsu ƙananan RNA guda biyu, mai lamba 15 da mai lamba 16, sun ɓace ko sun ragu. Wannan ne karo na farko da aka haɗa ƙaramin RNA da ciwon daji.

Ƙulli a cikin jini

A 2007 masana a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Jan Lötvall, suka nuna cewa ƙwayoyin jiki suna aika wa juna RNA. Ga yadda abin yake. Ƙwaya takan ɗebi ƙananan RNA da wasu kayan, ta naɗe su cikin ɗan tantani mai maiƙo, ta jefo waje, kamar yadda kike ƙulla yaji ko gishiri a leda ki aika wa maƙwabciya. Masana na kiran wannan ƙulli ekzozom. Ƙanƙantarsa ta kai in an jera ɗaruruwansa ba za su cika kaurin silin gashi ɗaya ba. Ƙwayar da ta karɓi ƙullin takan buɗe, saƙon da ke ciki ya canza aikinta.

RNA in ya shiga jini tsirara nan da nan yake lalacewa. Amma wanda ke cikin ƙulli, ko wanda ya manne da wani furotin mai kare shi, yakan daɗe. A 2008 masana a birnin Siyatil na Amurka suka nuna cewa ana iya auna ƙananan RNA a jinin da aka ɗiba, kuma wani daga cikinsu ya fi yawa a jinin maza masu sankarar mafitsara da ta yi nisa. Daga baya aka same su a fitsari, da miyau, har da ruwan nono.

Ƙwayoyin daji ma suna jefo nasu ƙullin, da yawa kuwa. Da shi suke sa jiki ya gina musu sababbin hanyoyin jini don su samu abinci. Da shi suke lallashin sojojin jiki su ƙyale su. Har sukan aika shi wata gaɓa mai nisa ya share musu wurin sauka. Amma wannan ƙullin shi ne kuma yake tona musu asiri. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. In likita ya iya karanta ƙullin, zai iya sanin akwai ƙari a ɓoye tun yana ƙarami, daga ɗan jinin da aka ɗiba a hannu.

Gano ciwo: ina aka kwana?

Inda aka fi samun nasara shi ne sankarar 'ya'yan maraina, wadda ta fi kama samari da magidanta matasa. Akwai ƙaramin RNA mai lamba 371 da irin wannan ƙari ke zubarwa cikin jini. A wani bincike da likitocin Jamus suka jagoranta, aka fitar a 2019, an gwada marasa lafiya fiye da 600. Gwajin ya kama ciwon a mutum 90 cikin 100 na masu shi. A cikin waɗanda ba su da shi kuma, ya wanke 94 cikin 100. In an cire ƙarin, lambar takan faɗi cikin 'yan kwanaki, in ya dawo ta sake tashi.

A Japan, tun 2014 cibiyar binciken daji ta ƙasar ta fara aikin neman gano iri 13 na ciwon daji ta wannan hanya. A 2019 kamfanin Toshiba ya ba da sanarwar na'urar da ya ce za ta yi haka da ɗigon jini. Ana kuma ta bincike a kan sankarar mama, da ta huhu, da ta hanta, da ta hanji.

To me ya hana a kawo mana shi asibitin gari? Dalilai ne masu ƙarfi.

Na farko, saƙon yakan yi kama da juna. Akwai mai lamba 21 da ke tashi a ire-iren daji da yawa, amma yakan tashi in akwai kumburi ko ciwon zuciya. Ganinsa kaɗai bai isa a ce daji ne ba, balle a ce ga inda yake.

Na biyu, jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da nasu ƙananan RNA. In sun fashe wajen ɗibar jini, sai su gurɓata sakamako. A ƙasashenmu kuwa zazzaɓin cizon sauro da sikila suna fasa waɗannan ƙwayoyi. Yawancin binciken a Turai da Amurka da Asiya aka yi shi, don haka dole a gwada shi a kan mutanenmu kafin a dogara da shi.

Na uku, ƙari in yana ƙarami saƙonsa kaɗan ne, sai ya ɓace cikin na sauran jiki. Ga shi kuma lokacin ne aka fi bukatar ganinsa.

Na huɗu, ku da kuka saba da lissafi, ku duba wannan. A ce gwaji yana kuskure a mutum 6 cikin 100 na masu lafiya. In an gwada mata 1,000 lafiyayyu, 60 za a tayar wa hankali a banza. Kowacce za ta biya kuɗin mota, da na hoto, da na wani gwajin, ta yi makonni ba barci. Shi ya sa masana ba sa gaggawa. Har yanzu gwajin ƙaramin RNA ba ya cikin gwaje-gwajen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa jama'a.

Magani: ina aka kwana?

Dabarar iri biyu ce. In ƙwayar daji ta rasa mai taka birki, a ƙera irinsa a mayar mata. In kuma wani ya yi yawa yana ɓarna, a ƙera abin da zai manne masa ya rufe masa baki. A faɗa da sauƙi. Wahalar ita ce kai saƙon inda ake so. Dole a naɗe shi cikin ƙullin da zai tsira a jini, ya wuce lafiyayyun gaɓoɓi, ya shiga cikin ƙarin.

Maganin farko na wannan iri da aka gwada a jikin masu daji sunansa MRX34, an kwaikwayi ƙaramin RNA mai lamba 34. An fara a 2013. A 2016 aka tsayar da gwajin, domin sojojin jikin wasu marasa lafiya sun tashi da ƙarfi har suka yi musu illa, mutum huɗu suka rasu. A Ostareliya an gwada mayar da mai lamba 16 ga mutum 26 masu sankarar tantanin da ke lulluɓe huhu, aka fitar da sakamako a 2017. Ƙarin mutum ɗaya ya ragu sosai, na wasu ya tsaya na ɗan lokaci. A 2018 Amurka ta amince da magani na farko da aka yi da wani ɗan uwan ƙaramin RNA, amma na wata cutar jijiya ce da ake gado. Wannan ya nuna hanyar mai ɓullewa ce. Sai dai har yanzu babu maganin ciwon daji ko ɗaya na ƙaramin RNA ko na ekzozom da hukumomin magani suka amince a sayar.

Hattara da masu cin kuɗi

Saboda haka, in wani ya zo kasuwa ko ƙofar gida da na'ura, ya ce ki ɗora hannu kwamfuta za ta nuna miki daji, ki riƙe kuɗinki. In an turo miki talla a WhatsApp ko Facebook cewa ga allurar ekzozom ko ƙwayar RNA mai narkar da sankara, ƙarya ce. Alamar macuci ba ta ɓuya: shi ke gwaji, shi ke sayar da magani, maganinsa ɗaya yana warkar da komai, kuma yakan ce kada ki je asibiti. Kada kuɗin ƙungiya ya tafi can, ko rance ko kyauta.

Abin da ke hannunmu yau

Duk wannan bincike abu ɗaya yake nema, a kama ciwo da wuri. Muna da hanyoyin yin haka tun yanzu, wasu ma kyauta.

Duba nono. Sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada, ki duba da ido, ki shafa da tafin yatsu har cikin hammata. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana ɗaya a wata, ko da ranar zubin farko ce. Abin lura: ƙullutu ko da ba ya zafi, fata ta koma kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki, jini ko wani ruwa na fita, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Yawancin ƙullutu ba daji ba ne, amma likita ne kaɗai zai bambance. Mai shayarwa ma in ƙullutu ya ƙi tafiya, ta je.

Gwajin bakin mahaifa. Wannan sankara wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke kawo ta, kuma takan yi shekaru tana tafiya a hankali ba alama. Daga shekara 30 ya kamata mace ta yi gwaji, mai ɗauke da cutar ƙanjamau kuma daga 25. Wani gwajin ana shafa ruwan tsami irin na binega a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Cikin 'yan mintoci ake gamawa, kuma sau da yawa ana iya magance wurin a ranar. In kina ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada, ko bayan kin daina al'ada, ko ruwa mai wari, kada ki jira.

Allurar HPV. Najeriya ta sa ta cikin rigakafi a watan Oktoba na 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta. Ba ta hana haihuwa. An yi wa miliyoyin 'yan mata a duniya, sun girma sun haihu.

Kare hanta. A yi wa jariri allurar ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa, a kuma cika sauran. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai kawo sankarar hanta. Masu ƙuli da mai, a busar da gyaɗa sosai, a tsince ruɓaɓɓu a zubar.

Akwai maganar da ake yi cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe. Wannan magana ta kashe mata da yawa. Yau hanyar tabbatar da daji ita ce likita ya ɗebi ɗan tsoka daga ƙarin a duba da madubi. Abin da ke sa a ga kamar aiki ne ya yaɗa ciwo shi ne, an zo bayan ya riga ya yaɗu. In ƙaramin asibiti ya tura ki gaba, akwai asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A Nijar akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai, wadda ta fara gashi da na'ura a 2021.

Aikin ƙungiya

Abin da ke hana mace zuwa asibiti yawanci uku ne: kuɗin mota, kunya, da tsoron abin da za a ce a gida. Duka ukun ƙungiya na iya rage su. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a yanke shawara tun kowa na lafiya, a rubuta a kundi:

Asusun taimako zai biya kuɗin motar zuwa gwaji, ko sai ciwo ya kwantar da mace?

Wa za ta raka 'yar uwa asibiti, ta kuma tuna mata ranar komawa?

Wace dattijuwa za ta yi wa maigida bayani in an bukata?

Sirrin wadda ta faɗi damuwarta zai tsaya cikin zama, kamar yadda sirrin akwati yake tsayawa.

Tambayoyin tattaunawa

1. Da bakinki, mene ne aikin ƙaramin RNA, kuma ta yaya yake shiga jini?
2. Me ya sa ba a fara yi wa kowa wannan gwaji ba?
3. In mai na'ura ya zo garinmu ya ce yana gano daji, me za mu ce masa?
4. Mu nawa ne a nan muka kai shekara 30 ba mu taɓa gwajin bakin mahaifa ba? 'Ya'yanmu mata nawa ne ba a yi wa allurar HPV ba?

Kafin a tashi, a zaɓi mata biyu su je asibiti mafi kusa su tambayo ranar da ake gwajin bakin mahaifa, da kuɗinsa, da ranar allurar 'yan mata. Su kawo amsa a zama mai zuwa, a sa ranar tafiya tare.